Tsakanin Shinge da Gora

Ina aji huɗu a sakandare na fara tseren tsallake shinge, kuma ba ni na zaɓa ba. Tun ina yaro ƙafafuna suka riga sauran jikina tsawo, har yaran unguwarmu a Ƙofar Kware suna tsokanata da zalɓe. Ranar da aka fitar da mu fili don a rarraba mu wasanni, na laɓe a bayan masu ƙwallo ina fatan a manta da ni. Malamin wasanni ya zagayo, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce in ɗaga ƙafar dama in ɗora a kan benci. Na ɗora. Ya ce, “Kai na shinge ne.” Shi ke nan, ba a sake tambayar ra'ayina ba.

Malamin nan tsohon soja ne, mutumin ƙasar Zuru, gajere kakkaura, kullum da usur rataye a wuyansa ko da aji zai shiga. Ba ya faɗa, ba ya duka, amma in ya ce a sake, to za a yi ta sakewa har a kira magariba. Shingayen da muke tsallakewa guda goma ne, wani kafinta a Ƙofar Atiku ya yi su da katako mai nauyi, aka shafa musu fenti fari da baƙi. Kowanne yana da ƙafafu biyu a ƙasa da suka miƙe gefe ɗaya. In an jera su daidai, ƙafafun suna fuskantar mai gudu, ta yadda in ya buge shingen sai ya kife gaba ya ba shi hanya.

Abu na farko da Malam ya cire mana daga kai shi ne kalmar tsalle. Yakan ce, “Wanda ya yi tsalle ya ɓata lokacinsa a sama. Gudu kake yi, shinge ya shigo cikin takunka, ka wuce shi.” Taku takwas ne daga layin tashi zuwa shinge na farko, sannan uku-uku tsakanin sauran. Ni da ƙafar hagu nake dokan ƙasa in tashi, ta dama ta miƙe gaba, ta hagun ta biyo baya a karkace. Cikin 'yan watanni lissafin ya bar kaina ya koma ƙafafuna. Ko a hanyar gida, in na hango kwata sai in ji ƙafata tana auna ta.

A gida ba a hana ni ba. Baba malami ne, yana karantarwa a zaurenmu bayan asuba da bayan la'asar, kuma duk Juma'a yana da wani karatun a wajen Hubbare. Da ya ji abin da nake yi, tambaya ɗaya ya yi, wane irin wando ake sawa. Da na kwatanta masa ya ce, “Gudu ba laihi na ba. Amma gwiwa ta ruhu.” Inna ta ɗinka mini wando na shuɗin yadi da ya sauko ƙasa da gwiwa, mai faɗi don kada ya riƙe ni. An yi mini dariya a fili mako guda, da na fara cin tsere aka bari.

A tsakiyar aji biyar na faɗi. Wata yamma ce ta atisaye kawai. Waɗanda suka jera shingaye a ranar sun juya na shida baibai, ƙafafunsa suna kallon gaba, kuma ba wanda ya lura, har ni. Na taho da ƙarfina, ƙafata ta baya ta ɗan taɓa katakon, irin taɓawar da na saba yi ba tare da komai ya faru ba. Wannan karon shingen ya tsaya cak, ni na kife. Haƙorina na gaba ya gutsure, ƙaurina ya tsage, idon sawuna na hagu ya yi targaɗe. Baba da kansa ya goya ni a babur ɗinsa zuwa wurin maɗori, yana yi mini sannu a hanya.

Bayan wata ɗaya da rabi ƙafa ta warke sarai. Sai da na koma fili na gane akwai abin da ya rage. Na tashi daga layi lafiya, amma da na kusa shinge na farko sai na ji ƙafafuna suna daddatsa taku da kansu, ƙanana-ƙanana, kamar mai tafiya a kan rairayi mai zafi. Maimakon uku sai in yi huɗu, wani lokaci biyar, sannan in yi tsallen nan da Malam ya hana, can sama, in sauko kamar buhu. Idona kuma ya bar kallon gaba, ya koma ƙasa yana duba ƙafafun kowane shinge ko an juya shi. Kafin a fara nakan bi su ɗaya bayan ɗaya in taɓa da hannu in tabbata daidai suke, amma duk da haka in na taho sai in sake dubawa. Waɗanda a da nake bari a baya da shinge biyu suka riƙa wuce ni. Malam ya rage tsayin shingayen, ya matso da su kusa da juna, ya sa na yi ta maimaitawa. Babu abin da ya sauya. Na fara ƙirƙiro dalilan tafiya gida da wuri.

A wannan lokacin ne wani ɗan ajinmu ya shigo cikin labarin. Ni jeka-ka-dawo nake yi, shi ɗan kwana ne, daga wani ƙauye a fadamar gulbin Rima, inda mahaifinsa yake noman shinkafa da albasa. Ba mu saba ba sosai, don shiru-shiru ne, kuma a bayan aji yake zama. Abin da ya fito da shi fili shi ne wata rana Malam ya kama shi yana tsallake katangar lambun makaranta da wata doguwar sanda, zai shiga ɗiban gwaiba. Maimakon ya kai shi ofis, sai ya ce ya sake ya gani. Ya sake. Ashe a garinsu, in ruwa ya cika fadama da damina, haka suke tsallake hanyoyin ruwa da sandar tuƙa kwalekwale tun suna ƙanana.

Malam ya taɓa yin tsallen sanda a bariki lokacin yana soja, kuma ya daɗe yana neman wanda zai koya wa. Ya roƙi wani direban babbar mota da ke ɗauko katako daga kudu ya zo masa da gora uku dogaye. Ɗan fadamar nan shi ya gyara su. Ya shanya su a inuwa, ya riƙa gasa su sama-sama a kan garwashi yana murzawa har suka miƙe, ya naɗe wurin riƙo da robar tayar keke da aka yanka siri-siri. Aka haƙa ɗan rami a gefen fili aka yi masa bango da katako, nan za a riƙa soka gorar. A bayan ramin aka tara yashi, aka ɗora buhunan ɓuntu da aka samo daga injin gyaran shinkafa, aka shimfiɗa tsofaffin katifu biyu na ɗakin kwana a kai. Abin da ake tsallakewa kuwa dogon karan dawa ne, ana ɗora shi a kan ƙusoshin da aka kafa a jikin turaku biyu.

Shi ma yana da tasa matsalar. In ya ɗauki taku huɗu ko biyar kawai, yakan haye ba wuya, jikinsa ya san gora. Amma in Malam ya ja shi baya ya ce ya taho da gudu sosai don a samu tsayi, sai komai ya rikice. Yau ya iso ramin da wannan ƙafa, gobe da waccan, wani lokaci ya zarce wurin tashi, wani lokaci ya tsaya yana raba ido da gora a hannu. Bai taɓa sanin ana ƙirga taku ba.

Wata Talata Malam ya kira mu mu biyu ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ya zauna a benci, mu muna tsaye. Ya nuna ni ya ce, “Kai, daga yau ka bar shinge, ka ɗauki gora.” Ya nuna shi. “Kai kuma kwana uku a mako ka ajiye gora ka hau shinge. Wannan zai koya maka, kai ma ka koya masa.”

Na ce, “Malam, in cire ni za a yi, gara a faɗa mini kawai.”

“Wa ya ce an cire ka?”

“Ni ban taɓa riƙe gora ba.”

“Da wace ƙafa kake tashi a shinge?”

“Hagu.”

“Wace gwiwa ke fara tafiya?”

“Dama.”

Ya juya ga ɗan fadama ya yi masa tambayoyin nan biyu. Ya ɗan yi tunani, ya motsa ƙafafunsa a ƙasa yana gwadawa, sannan ya ce, “Hagu ta, Malam. Gwiwa ko dama.”

Malam ya ce, “To kun ji. Rabin aikin kowannenku yana wurin ɗan'uwansa. Ku je.”

Ni dai ban yarda ba. Na ɗauka dabara ce ta sallamata cikin mutunci, amma ba a musu da Malam. Ranar farko da na ɗauki gora na ji kamar an ba ni tsani an ce in gudu da shi. Bakinta na gaba yana rawa, tana ja na gefe. Abokin nawa, don daga ranar zan iya kiransa haka, ya gyara mini riƙo, hannun dama a baya kusa da ƙugu, na hagu a gaba. Ya sa na yi ta takowa ina soka ta ina hayewa, babu kara, babu gudu. A karo na nawa ban sani ba, na doki ƙasa da hagu, gwiwar dama ta tashi da kanta, ƙirjina ya shiga gaba, sai ga ni a kan katifa.

Abokin nawa ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya ce, “Kai, wanga tashi ai ka iya shi tun can. Ni shekara nawa nika yi ban tashi hakanan ba.”

Gaskiyarsa ce, tashin iri ɗaya ne. Mutum ya iso a miƙe, ƙugu a sama, takun ƙarshe ya ɗan gajarta ya yi sauri, ƙafa ta doki ƙasa a ƙarƙashin jiki, ya tura kansa gaba. Duk wannan na kawo shi daga shinge ba tare da na san ina ɗauke da shi ba. Amma daga nan hanyoyin suka rabu. Mai shinge, da ya bar ƙasa, abin da ke ransa shi ne ya mayar da ƙafa da wuri, kuma shekara da rabi Malam yana cusa mini haka. A gora wannan sabon ne ya riƙa kayar da ni. Da na tashi sai in jawo gorar jikina, in dunƙule, in fara neman wurin sauka, in tafi da karan a cikina.

Abokina ya ce, “Kana gaggawar sabka. Rataya mata tukuna. Bari ta kai ka, in ta miƙe tsaye sannan ka tada ƙahwahu sama.”

“In ta karye hwa?”

“Ba ta karyewa. Ni nig gyara ta.”

Na kwashe makonni kafin in iya jiran nan na ƙiftawar ido, hannuna a miƙe, ina rataye, ƙafafuna suna wucewa ta saman kaina, in ga sama inda na saba ganin ƙasa.

Abin da Malam yake nufi da ni kuwa, sai da aka kai ni gudu mai nisa na gane shi. Ya auna mini taku goma sha biyu, ya zuba toka a wurin farawa, ya zuba a tsakiya, ya zuba a wurin tashi. Ranar farko na taho, da na hango ramin yana matsowa sai ciwona ya motsa, na daddatsa taku. Na soka gora, na tashi, ta ɗaga ni rabin hanya, ta tsaya kamar mai shawara, sannan ta dawo da ni inda na fito. Na faɗi da baya a kan busasshiyar ƙasa, numfashina ya ɗauke. Abokina ya rugo ya tallafe ni. Malam ya tako a hankali, ya duba kaina da bayana, ya tabbata ban ji ciwo ba, sannan ya tsuguna.

Ya ce, “A shinge kana iya rage gudu ka lallaɓa ka haye, ba abin da zai same ka sai zuwa na ƙarshe. Shi ya sa ka kasa bari. Ita wannan ba ta karɓar lallaɓawa. In ka rage gudu, nan za ta ajiye ka kullum. Katifa tana can gaba, gudu ne kaɗai zai kai ka.”

“Malam, in ban dubi ramin ba, ta yaya zan san na iso?”

“Tokar nan ta mece ce? Ka taka ta farko daidai, ka taka ta tsakiya daidai, to ta ƙarshe za ta zo ƙarƙashin ƙafarka ko ka duba ko ba ka duba ba.”

Na daɗe ina juya abin da ya faru a ranar, har bayan na bar makaranta. Tun faɗuwata ta farko, abin da jikina ya riƙe shi ne gudu ya jawo masa ciwo, don haka rage shi ne tsira. Malam ya yi mini bayani sau ba adadi, ni ma na yi wa kaina, jikin bai ji ba. Sai da ya sake faɗuwa, wannan karon saboda rage gudu, sannan ya saurara. Ban ce hanyar Malam babu haɗari ba. Da ɗana ne yau, ban san ko zan bari a yi masa haka ba. Amma a karo na gaba da na taho, tsoron komawa baya ya rinjayi tsoron ramin, na ƙara wuta a taku huɗun ƙarshe, gorar ta miƙe ta wuce da ni, na sauka a tsakiyar katifa, ƙaiƙayin ɓuntu ya tashi ya shige mini hanci.

A ranakun shinge kuma ni ne malami. Na fara masa da karare a kwance a ƙasa, sannan bulo, sannan shingen a mafi ƙanƙantar tsayinsa. Shi nasa laifin akasin nawa ne, in ya tashi ba ya son saukowa. Yakan yi sama kamar ɗan akuya, ya tsaya a iska yana jiran gorar da babu. Nakan bi shi a gefe da gudu ina tafi ina ƙirga masa, ɗaya, biyu, uku, haye, ɗaya, biyu, uku, haye, har muryata ta dushe. Idon sawunsa ya sha katako har ya kumbura, bai taɓa cewa a tsaya ba. In mun gama mukan zauna a gindin famfo mu wanke ƙafa, ya ba ni labarin fadama, yadda ake wuni ana korar tsuntsaye daga shinkafa, ni in buɗe masa abin da Inna ta ƙunso mini, don abincin ɗakin kwana ba ya ƙosar da shi. Ranakun fita ya fara zuwa gidanmu. Baba ya tambaye shi inda ya tsaya a karatu, ya ce ya riƙa zama cikin ɗalibai in ya zo.

Kafin mu shiga aji shida takunsa ya zauna. Da ya koma gora da wannan taku, sai ya zama wani mutum daban. Yakan taho bakin gorar yana sauka a hankali a gabansa, ƙafafunsa suna bugun ƙasa kamar ana kaɗa ganga, kowane taku a kan tokarsa. Karan ya yi ta hawa, ƙusa bayan ƙusa, har ya zamana sai Malam ya hau benci, daga baya tebur, kafin ya ɗora shi. 'Yan ƙwallo sukan bar wasansu su zo kallo. Ni ban taɓa kusantar tsayinsa ba, kuma ban damu ba.

Wata yamma na iso fili na tarar an jera shingaye goma cif. Malam bai yi wani bayani ba. Ya ce, “Hau layi,” ya busa usur. Ban samu lokacin zuwa in taɓa su da hannu ba. Sai da na wuce na huɗu na lura uku-uku nake yi, idona yana kan itacen da ke ƙarshen fili. Na gama, na duƙa riƙe da gwiwoyi ina haki, na ji hawaye suna neman zuwa, na yi kamar zufa nake sharewa. Malam ya ce, “Hannunka na hagu yana yawo. Sake.”

Gasar makarantu ta jiha ta zo da bazara, a shekararmu ta ƙarshe. Saura kwana uku aka aiko da jerin wasannin da za a yi, babu tsallen sanda a ciki. Ban da tamu, babu wata makaranta da ta ba da sunan mai tsallen, kuma masu shirya gasar sun ce ba su da katifar da ta dace. Malam ya hau babur ya je ya yi magana, ya dawo fuska a ɗaure. A gabana ya faɗa wa abokina. Abokin nawa ya juya. Ya je inda ya jingine gorarsa, ya ɗauke ta, ya duba robar riƙon, ya mayar. Malam ya ce kowace makaranta tana da damar mutum biyu a shinge, zai sa sunansa tare da nawa don kada wahalarsa ta tafi a banza. Na ce madalla, kuma da zuciya ɗaya na faɗa, don ban kawo komai a raina ba.

A babban filin wasa na gari aka yi. Muka tsallake zagayen farko mu biyu, kowa a rukuninsa. A tseren ƙarshe layina yana kusa da nasa, shi a damana. Wani dogo daga wata makaranta ta wajen gari ya tsere mana tun shinge na uku, ba mu sake ganin komai nasa ba sai baya. Ni ke biye da shi, takuna lafiya lau, ban taɓa gudu mai tsabta kamar na ranar ba. A shinge na bakwai na fara jin numfashi a kunnena na dama. A na takwas muka tashi tare muka sauka tare. Daga na goma zuwa layi abokina ya miƙa ƙirji, ya riga ni da abin da bai kai tafin hannu ba. Shi na biyu, ni na uku.

Ya juyo zai rungume ni, na ba shi hannu kawai. A motar komawa na zauna a gaba kusa da direba. Kusan wata guda ina gaishe shi sama-sama, in ya nufo famfo in tashi. Abin da ke cina shi ne ni na koya masa, da bakina na ƙirga masa takun da ya wuce ni da shi, kuma a wasan da nake ganin nawa ne.

Baba ya lura ya daina zuwa. Wata rana bayan ɗalibai sun watse ya tambaye ni, na ba shi labari yadda nake zaton zai ga an cuce ni. Ya saurara har na gama, yana tattara littattafansa. Ya ce, “Akwai wanda nik karantar cikin zauren ga tun bai iya haɗa baƙi ba. Yanzu in mas'ala ta shige min duhu, shi nika aika ma. Ban taɓa jin ya ƙwace min komi ba.” Sannan ya ce, “Shi nashi wasan da anka hana shi, ka yi mai jaje?”

Ban yi ba. Ko tunawa ban yi ba. Na ƙudura zan yi, amma kunya ta haɗu da girman kai irin na shekarun nan, ga jarrabawar fita ta taso. Ranar da muka gama muka yi musabaha a bakin ƙofar makaranta, ya ɗora akwatinsa a kan kabu-kabu, ya tafi.

Shekaru sun ja kafin in auna abin daidai. Ni na samu abin da nake nema, tsorona ya tafi, na tsaya a gaban jama'a na yi tseren da na iya. Shi kuwa, wanda ya fi mu duka baiwa, bai taɓa tsallake kara a gaban kowa ba sai mu 'yan makarantarmu. Babu takardar da ta rubuta tsayin da ya kai. Malam ya yi ritaya ya koma garinsu bayan fitarmu da 'yan shekaru, kuma ba a samu wanda ya ci gaba da tsallen ba.

Na yi karatu, na kama aiki a ma'aikata, na yi iyali. Shekarun baya kaɗan aikin ofis ya kai mu fadama duba gonakin rani. Cikin manoman da suka taru na ga wani mai furfura a gemu yana kallona yana murmushi. Shi ya fara gane ni. Bayan an watse ya ja ni gonarsa, albasa ta yi kyau, injin ban ruwa yana ta ƙara. Muka zauna a rumfar kara, ya dama mana fura, muka yi ta tambayar juna iyali. Na daɗe ina juya maganar kafin in fito da ita. Na ce masa ban kyauta masa ba bayan gasar nan, kuma ban taɓa yi masa jajen gorarsa ba.

Ya ce, “Awo, na ji zahi lokacin. Na gora bai daɗe ba, naka shi yad daɗe.” Ya kurɓi fura. “Ka san mi? Ga shinge na takwas, da nig gan mu daidai, sai da niy yi tunanin in saki ma ka wuce. Wallahi na yi.”

“To mi yah hana?”

“Ƙahwa ta ƙiya. Yadda kak koya min, in ka shiga uku-ukun nan babu wurin ragewa. In na rage katako nika ci, in hwaɗo cikin layinka mu tahi ƙasa tare. Sai nic ce bari in gama, in ba ka haƙuri daga baya. Kai ko ba ka tsaya ba.”

Muka yi dariya tare, amma tawa ba ta yi nisa ba. Na ce ni ke da ba da haƙuri, ya ce ya wuce, in sha fura kafin ta yi ɗumi.

Sannan ya tambaye ni Baba. Na ce masa ya rasu, an shiga shekara ta uku. Ya ajiye ludayi, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya ce bai ji ba ko kaɗan, da ya zo. Juma'ar da ta biyo sai ga shi a Ƙofar Kware da buhun albasa a bayan babur. Ya shiga ya gaida Inna ya yi mata ta'aziyya, ta daɗe tana kallonsa kafin ta gane shi, ta ce ya yi ƙiba. Muka tafi masallaci tare, muka dawo muka ci abinci a zaure. Tun daga lokacin, duk sanda ya shigo gari sayen taki ko kayan inji yakan biyo, ni ma ina zuwa fadama in an fara ɗiban albasa.